Garau-garaun Hajiyar da ta taɓa girka wa 'yan firamare

Jama'a duk mai neman inda zai ci abincin rana a Kano ya ƙoshi ba tare da an yashe masa aljihu ba, akwai wata Hajiya da ta kafa rumfa a bakin wani layi can wajen Kurna, daura da wata firamare, ni dai a wajena ta ciri tuta. Ba zan kama sunanta ba don ban nemi izininta ba, wajen ma ba allo balle suna, rumfar kwano ce kawai da bencuna da tabarmar mata daga ciki, sai manyan kuloli a jere. In kun shiga unguwar kuka ce mai abincin makaranta kuke nema ko yaro zai nuna muku.

Garau-garau shi ne sarkin wajen. Shinkafa 'yar gida take dafawa, amma wallahi tunda nake ci ban taɓa tauna tsakuwa ba, 'yan matanta tun asuba suke zaman tsinta da rairaya. Waken daban take dafa shi da 'yar kanwa kaɗan, ba irin wadda wasu ke zabgawa har wake ya yi baƙi ya dame ba, sai ya kusa nuna sannan ta haɗa su, shi ya sa za ka ga shinkafar warwar waken kuma ya yi laushi. Man gyaɗa ne na gaske soyayye da albasa, tun daga bakin layi kake jin ƙamshinsa. Yajin kuwa nan ne asirin yake, akwai ƙuli-ƙuli a ciki da citta da 'yar tafarnuwa, yana da zafi amma ba mai sa mutum hawaye da majina ba. Kuma wake ya kusa kai rabin farantin, ba irin na wasu wuraren da sai ka yi ta tono da cokali kafin ka ga ƙwaya ɗaya ba.

Faranti naira 800 ne lokacin da nake wannan rubutun, in ka ce a sa maka salak da tumatir da dafaffen ƙwai ko yankan kifi ya ɗan haura dubu. Abin da ya fara jan hankalina ma kafin ɗanɗanon shi ne awonta. Ludayi ɗaya gare ta, da shi take zuba wa kowa, mai babbar riga da ɗan dako duk ɗaya, ba ta ƙara wa wani don ta ga mota ba ta rage wa wani don ta ga silifa. Ta san faranti nawa kwanon shinkafa zai fitar, ta san man da zai shiga, har gawayin da za ta ƙona a rana a lissafe yake. Rannan na ce Hajiya ke kam da banki ya kamata ki yi aiki, ta ce ɗana ai wanda ya ciyar da yaro da naira saba'in ya gama karatun lissafi.

Ɗan wakenta na safe ma ya yi, santsinsa daidai, kuka da kanwar ba su yi yawa ba, amma kafin goma da rabi ya ƙare. Alale a gwangwani take yi ba a leda ba, na ji daɗin wannan sosai don ni ban yarda da dafa abinci a leda ba. Dafa-dukanta dai gaskiya bai kai garau ɗin ba, manja yana yi masa yawa, zoɓon kuma suga ya fi ƙarfinsa, in kana da ciwon suga ka tsaya a ruwa.

To maganar saba'in ɗin nan ita ce ta sa na zauna rubutu mai tsawo haka, don da abinci ne kawai da tuni na gama. Hajiya tana cikin matan da aka ɗauka girki a shirin ciyar da 'yan firamare na gwamnatin tarayya, wanda aka ƙaddamar a 2016 zamanin marigayi Buhari, tare da su N-Power da tallafin dubu biyar-biyar na talakawa da bashin 'yan kasuwa. 'Yan aji ɗaya zuwa aji uku ake ba abinci sau ɗaya a rana, naira 70 kan kowane yaro, daga baya can wajen ƙarshen mulkin aka ce an mayar da shi 100. Alƙaluman da gwamnati ta riƙa faɗa su ne yara kusan miliyan 10, makarantu sama da 50,000, masu girki sama da 100,000. Tsarin a takarda yana da kyau ƙwarai, a sayi wake da shinkafa da ƙwai a wajen manoman yankin, matar unguwa ta dafa, yaron unguwa ya ci, kuɗin ya zagaya a cikin gari. Duk malamin firamaren da ka tambaya zai gaya maka ranar da ake raba abinci aji cika yake har ƙasa.

Ita dai ta ce aikin ya rufa mata asiri a farko, da shi ta sayi manyan tukwanen nan da kulolin da take amfani da su yanzu. Matsalar ita ce kuɗin zuwa yake yana ɗaukewa, a turo na wasu kwanaki a yi girki, sai a ji shiru, yara su yi ta leƙen ƙofar makaranta ko za su hango ta da kula. Wani lokacin sai ta karɓi wake bashi a wajen mai awo ta ci gaba da dafawa da sa ran alat zai shigo, don ta ce ba za ta iya kallon idon yaran nan ba. Wannan ba labarinta ba ne ita kaɗai, masu girki a jihohi da yawa sun sha kokawa da irinsa a gidajen rediyo. Da abin ya tsaya gaba ɗaya sai ta ga tukwane na nan, hannu ya saba, ga marayu a gabanta, shi ne ta kafa rumfar.

Kowa dai ya san yadda aka yi. A watan Janairun 2024 Tinubu ya dakatar da Halima Shehu shugabar hukumar shirye-shiryen tallafin, ranar 8 ga watan ya dakatar da ministar jin ƙai Betta Edu kan zargin tura naira miliyan 585 asusun wata mata, EFCC kuma ta gayyaci tsohuwar minista Sadiya Umar Farouq kan binciken wasu biliyan 37. Kwanaki kaɗan bayan haka aka ce an dakatar da shirye-shiryen duka huɗu har da ciyarwar, na sati shida, a yi bincike. Sati shidan nan yaran da suke aji ɗaya lokacin sun yi ta canja aji suna jira. Kuma tun kafin sanarwar ma a wurare da yawa murhu ya daɗe da mutuwa.

Bencin Hajiya da azahar majalisa ce guda. 'Yan adaidaita, malaman makarantar, wasu tsofaffin 'yan N-Power, da wani dattijo ɗan fansho da kowa ke ce wa Baba, kullum sai an taɓa wannan magana kuma kullum gida biyu ake rabuwa. Masu kare Buhari su ce ai zamanin Baba Buhari ko ba komai yara sun ci, wannan gwamnatin ce ta zo ranar 29 ga Mayun 2023 ta ce tallafin mai ya tafi, litar da ba ta kai 200 ba ta koma 500 cikin kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta haura dubu, aka saki naira ta faɗi, hauhawar farashin abinci ta wuce kashi 40 cikin ɗari, aka ce kuɗin tallafin za a zuba su a ilimi da lafiya, to ina suke? Masu kare Tinubu su ce ku tsaya, ai baitulmali wayam aka bar masa, kasafin 2023 da Buhari ya sa wa hannu ma zuwa watan Yuni kawai ya tanadi kuɗin tallafin mai, ga bashin tiriliyan 22.7 da aka ci a Babban Banki wanda sai a watan Mayun 2023 ana shirin sauka Majalisar Dattawa ta amince a mayar da shi bashi mai dogon zango, ga Bankin Duniya da ya ce a 2022 kusan kashi 96 na kuɗin shigar gwamnatin tarayya biyan bashi ya cinye. Sai wani ya jefo Kwankwasiyya da Gandujiyya a ciki, shi ke nan an tashi daga maganar yara an koma ja da fari.

Abin da ke damuna shi ne duk ɓangarorin biyu abin da suke faɗa gaskiya ne, kuma jam'iyya ɗaya ce fa, APC ta miƙa wa APC. Buhari ya faro shiri bai kafa masa wata tabbatacciyar hanyar kuɗi da za ta rayu bayansa ba, yana ta cin bashi yana toshe rami. Tinubu kuma ya karɓa, ya samu hujjar dakatarwa saboda zargin sata, kuma bincike wajibi ne ban ce kar a yi ba, amma wanda ake zargi babba ne a Abuja, wanda ya kwana da horon kuma yaro ne ɗan shekara bakwai da ya fito gida bai karya ba. Ni a ganina wanda ke kan kujera shi ke da alhakin yau. Ya nemi kujerar nan ido buɗe ya san halin da asusun ke ciki, ba zai yi shekaru yana nuna mana wanda ya tafi ba.

Mutanenmu da yawa in suka ji an ce an ware biliyan kaza a kasafi sai su ɗauka kuɗin na nan a ajiye a wani ɗaki. Ba haka ba ne wallahi. Kasafi hasashe ne, ana zaton za a samu kaza sai a rubuta za a kashe kaza. Ku duba na 2025, tiriliyan 54.99 aka sa wa hannu, a ciki sama da tiriliyan 14 na biyan bashi ne, giɓin da ke ciki ya kai wajen tiriliyan 13 wanda shi ma sai an ciyo wani bashin. An gina shi a kan za a haƙo gangar mai miliyan 2.06 kullum a sayar dala 75, alhali haƙon bai kai nan ba farashin ma ya sauko ƙasa da haka yawancin shekarar. To in kuɗin da ya shigo bai kai ba me ake fara biya? Bashi, don masu bin bashi ba sa jira. Sai albashi, don ƙungiyar ƙwadago za ta rufe ƙasa, ga mafi ƙarancin albashi ya koma 70,000 tun Yulin 2024. Sai tsaro. Abin da ya rage shi ake yayyafa wa ayyuka da shirye-shirye, shi ya sa aka yi ta tsawaita wa'adin ayyukan kasafin 2024 har ƙarshen 2025, 'yan kwangila suka yi ta zanga-zanga a Abuja kan kuɗinsu. Ɗan kwangila yana da bakin zanga-zanga, ɗan aji biyu fa?

Wani malami a bencin ne ya ciro waya ya yi mana lissafin da har yanzu yake min yawo a kai. A kasafin 2024 an rubuta naira biliyan 100 don ciyar da 'yan makaranta, jin adadin sai ka ce an gama magana. Raba shi ga yara miliyan 10, kowane yaro ya tashi da naira 10,000 a shekara. Raba wannan da kwanakin makaranta, mu ce 180, ya zama naira 55 da ɗoriya a rana. Ko da a ce an saki kuɗin gaba ɗaya ba a taɓa ko sisi ba, ba a cire na ofis da na sa ido da na mota ba, bai kai saba'in ɗin 2016 ba, alhali zuwa ƙarshen 2024 ɗin ƙwai ɗaya ya wuce naira 200. Na juya na ce Hajiya da 55 me za ki iya dafa wa yaro yau, ta yi dariya kawai ta ce ɗana ko gawayin ba zai saya ba. Ke nan tun daga kan takarda shirin bai da kuɗin da zai ɗauke shi, kuma waɗanda suka rubuta sun fi mu sanin farashin buhun shinkafa.

'Yan majalisa ma ba za su zame ba, su da suke fitowa rediyo suna cewa ɓangaren zartarwa bai saki kuɗi ba. Su ne fa suke cusa ayyukan mazaɓu a kasafin har ya kumbura, fitilun kan titi da rijiyoyin burtsatse da ake maƙalawa a ma'aikatun da ba ruwansu da wannan aiki. Kun tuna Sanata Abdul Ningi na Bauchi da ya yi hira da BBC Hausa a watan Maris na 2024 ya ce akwai wajen tiriliyan 3.7 da bai ga ayyukan da aka jingina su ba, abin da ya biyo baya dakatar da shi aka yi na wata uku. A 2023 ana tsakiyar kukan cire tallafi aka saya wa 'yan majalisa motocin da kowacce ta haura naira miliyan 100, a 2024 aka sayo wa shugaban ƙasa sabon jirgi. Na san in aka haɗa kuɗin waɗannan ba za su ciyar da yara miliyan 10 shekara da shekaru ba, amma da wane baki za ka ce wa uwa ta yi haƙuri babu kuɗi tana ganin wannan?

Gwamnoni kuma sun fi kowa iya laɓewa a bayan Abuja. Firamare fa a hannun jiha da ƙaramar hukuma take, kuma tun da aka cire tallafin mai kason da ake rabawa duk wata ya ƙaru sosai, ya saba haura tiriliyan ɗaya. Ga biliyoyin naira kwance a UBEC, hukumar ilimin bai-ɗaya ta tarayya, shekara da shekaru saboda jihohi ba su kawo nasu rabin ba balle su karɓa. Mu nan Arewa da muke da kaso mafi yawa na yara sama da miliyan 10 da ba sa zuwa makaranta, mu ya kamata mu fi kowa riƙe abin nan da hannu biyu. Kuma ba yau aka fara ba, Obasanjo ya gwada irin wannan ciyarwa a wasu jihohi a 2005, yawancinsu suka watsar, Osun ce ta riƙe nata. Kaduna ta fara nata da ƙarfi a Janairun 2016 kan naira 50 duk yaro, yara suka yi ta tururuwa makaranta, bai yi nisa ba nauyin kuɗi ya tsayar da shi. Kullum a faro da ganga da kalangu, kuɗi ya yanke, a shiga nuna wa juna yatsa.

Yanzu a rumfarta Hajiya ba ta taɓa ɗora tukunyar da ba ta da kuɗin cefanenta, in na kwano biyar gare ta na kwano biyar za ta dafa, in ya ƙare ta ce ya ƙare sai gobe, ba ta tara mutane a benci ta ce su jira shinkafar da ba a sayo ba. Iyakar abin da nake nema a wajen gwamnati ke nan, ko wace jam'iyya ce. In yara miliyan uku za ku iya ciyarwa da gaske ku ce miliyan uku, ku fara da ƙananan hukumomin da yunwa da rashin zuwa makaranta suka fi tsanani, ku faɗi nawa ne farantin a farashin yau, ku sa kuɗin inda ba mai taɓa shi, tarayya ta kawo kaza jiha ta kawo kaza, a liƙa sunan mai girki da adadin yaranta a ƙofar makaranta kowa ya gani. In wani ya ci kuɗin a kama shi shi kaɗai, tukunya ta ci gaba da tafasa.

Lokacin tara in yaran firamaren suka fito za ka ga wasu sun tsallako da naira ɗari ko ɗari biyu a hannu. Tana da ƙaramin ludayi na musamman dominsu, ta zuba a 'yar roba ta ɗiga mai ta barbaɗa yaji kaɗan, na tabbata ba riba a ciki. Wanda ya zo ba ko sisi ya tsaya daga gefe yana kallo, sau da yawa ƙanzon tukunya take kankaro masa ta sa mai. Wasu daga cikin masu cin abinci suna barin canjinsu su ce a zuba wa yara, ni ma ina roƙon duk wanda ya je ya yi hakan in da hali, ta riƙe amana wajen wannan.

Sai abubuwan da ban ji daɗinsu ba, don kar ku je ku ce ban faɗa ba. Wajen ya yi ƙanƙanta, daga ƙarfe ɗaya zuwa biyu sai ka ci a tsaye ko ka jira wani ya tashi. Rumfar kwano ce ba silin, lokacin zafi kana ci gumi na zuba, in iska ta juyo hayaƙin murhu har cikin ido. Kwatar da ke gefen layin tana jawo ƙuda, duk da dai abincin a rufe yake cikin kula kuma farantan da ruwan zafi ake ɗauraye su, na gani da idona. Ruwan wanke hannu a buta yake da sabulu, wannan kam ta kyauta. Nama babu, sai ƙwai da kifi da awara wani lokacin, mai son tsoka ya nemi wani waje. 'Yan matan da ke miƙa abinci in cunkoso ya yi yawa suna rikita oda, ka ce ba salak a kawo maka da salak, amma in ka yi magana suna canjawa ba musu.

Tana karɓar taransifa ta wayar 'yarta amma in netwok ya ƙi sai ka zauna jiran alat, gara ku riƙe tsabar kuɗi da canji. Mai son ɗan wake ya je kafin goma, mai son garau ya je tsakanin sha biyu da ɗaya lokacin an sauke sabuwar tukunya man ma da zafinsa, bayan la'asar ba za ku samu komai ba. Ranar Juma'a rabin rana take yi, Lahadi kuma ba ta fitowa sam. In da yara za ku je ku ce a sa musu yaji a gefe, kuma in kuna da yawa ku zo da kularku daga gida a zuba muku, don leda kawai gare ta na tafi-da-gidanka.